Gashi na goma sha uku

Shekara ashirin da shida Inna Ƙirgau ta yi a ɗakin binciken ƙwari, kan kujera ɗaya mai rangaji. Aikinta kuwa, in ka ji sai ka yi dariya. Akwai wasu jajayen halittu dangin kaska, ba su kai kan allura ba, da 'ya'yansu ke maƙale wa ƙwarƙwatar ganye suna tsotsarta. Ita ke ciro su da siririn buroshi, ta shimfiɗa a gilashi, ta sa a madubin bincike, ta ƙirga gashin ƙafafunsu. Da yawan gashin nan ake gane iri. Mijinta kan ce ita kaɗai ce wanzamiyar da ba ta taɓa yin aski ba.

Ba ta da digiri, ido take da shi. Dokta, shugaban ɗakin, ya daɗe da daina duba abin da ta ƙirga, sai dai ya sa hannu.

A bana ta samu goma sha uku a ƙafar da aka sani da goma sha biyu, har a gilashi huɗu. Dokta ya rasa inda zai sa kansa don murna. Ya ce sabon iri ne, kuma sunanta za a sa masa. Ta yi kuka a makewayi, don ba a taɓa rubuta sunanta a ko'ina ba sai a takardar zuwa aiki.

Ana jibi za a aika da rubutun sanar da sabon irin, ta zauna zana ƙafar. Ta juya gilashin kaɗan. Ƙwaron ya juya, gashi goma sha biyu suka bi shi, ɗaya ya tsaya cak. Ta kalli farin bango, ga shi nan yana lilo. A cikin idonta yake.

Kwana biyu abinci bai shiga ba. Ta ji tsoro ƙwarai, don in ido ya tafi, kujerar ma ta tafi, kuma in ta yi shiru ba mai ganewa nan kusa.

Ranar aikawa da safe ta samu Dokta a ofis, ta faɗa masa a tsaye. Bai yi faɗa ba. Ya dubi kabad ɗin da ke cike da aikinta na shekaru, ya tambaya a hankali, "Tun yaushe, Inna?"

"Wallahi, ranka ya daɗe, ban sani ba."