Dattijuwar da Ta Kawo Karyar Ɗanta Asibiti

A ɗakin jira na likitan dabbobi akwai wata dattijuwa zaune a bakin benci. Zare ya maƙale a hannun rigarta, na ce a raina tela ce. A gabanta akwai kwandon wanki, cikinsa wata 'yar karya mai gashi kamar auduga, hanci a lotse, idanu sun firfito. Irin waɗanda ake haɗa jinsi biyu don su yi kyau a hoto ce. Da ƙyar take numfashi, kana jin kakarinta tun daga ƙofa. Matar ba ta shafa ta, da alama karnuka ba sa burge ta. Fifita kawai take yi mata da kwali.

Wayarta ta yi ƙara, muryar wani saurayi ta tashi har muna ji: "Mama, ina kika kai ta? Masu saye fa suna jiran 'ya'yanta!"

"Su yi ta jira," in ji ta. "Haihuwa biyu, duk sai da aka tsaga cikinta, rabin 'ya'yan kuma ba su kai labari ba. Yau za a cire mata mahaifa. In kana da magana, ka same ni a gida."

Ta kife wayar a cinya. Allah kaɗai ya san rigimar da ke jiranta.

Ma'aikaciya ta leƙo da takarda. "Baba, ke ce mai ita?"

"Daga yau ni ce."