Libarbar da ke Ƙugun Baba

Wata ranar Talata ce cikin watan ƙaramar salla, ina aji uku na firamare, lallen da Umma ta ƙunsa mini bai gama barin hannuna ba. Ina gindin rijiya ina wanke kwanukan rana sai na ji gyaran muryar Baba daga soro. Na daɗe rabona da in yi masa oyoyo, domin tun da ya dawo daga wata tafiya yake kwance a ɗaki, sai ranar ya soma fita kasuwa. Na watsar da soso, hannuna duk kumfa, na sheƙa a guje na faɗa jikinsa kamar yadda na saba. Goshina ya daki wani abu mai tauri a ƙugunsa, ƙarƙashin riga, sai da na ga wuta. Kafin in buɗe baki ya kama kafaɗuna ya janye ni gefe, ya ce, "Daga yau kada ki ƙara faɗo mini haka." Ya shige ɗakinsa ya turo ƙofa. Na tsaya nan da ƙulu a goshi, kukan ma ya ƙi zuwa.

Wani zai ce mene ne abin damuwa don uba ya tsawatar wa 'yarsa. To ai ni ba kamar sauran 'ya'ya ba ce a gidan nan. Sunan mahaifiyar Baba aka sa mini, saboda haka bai taɓa kama sunana ba, sai dai ya ce "Uwata". Gidanmu na ƙasa ne, a wani lungu cikin birni, ba nisa da Kasuwar Kurmi inda yake da rumfar huluna. In ya dawo da yamma ni ke cire masa hula, ni ke cika masa buta, kuma duk tsokar da ta rage a kwanon miyarsa tawa ce, ƙanena Sadiku sai dai ya yi ta haɗiyar yawu. Ga ni da baki, ga taurin kai. In na yi ɓarna Umma ta ɗauko mafici za ta kwaɗa mini, bayan Baba nake gudu. Ta ce, "Malam, kai ne za ka sangarta yarinyar nan." Shi kuwa ya yi dariya ya ce, "Wa zai bari a daki uwarsa yana zaune?" Wannan mutumin ne fa ya janye ni gefe kamar wata akuyar maƙwabta.

Abin da ya same shi a tafiyar a bakin matan unguwa na tsinta, lokacin da suke zuwa yi wa Umma jaje suna tsammanin hankalina yana kan carafke. Baba yakan je Maiduguri saro huluna. A hanyar dawowa 'yan fashi suka tare motarsu, suka kwantar da kowa rub da ciki a bakin titi. Abokin tafiyarsa Malam Habu, wanda ke kawo mana dabino, ya ɗaga kai, suka harbe shi a nan gefen Baba. Ko takalmi babu a ƙafarsa ya dawo gida. Ya yi makonni bai leƙa ƙofar gida ba, in kwano ya faɗi a tsakar gida sai ka ga ya zabura. Daga baya ne wani ya samo masa wannan abin da ya fasa mini goshi. Sunan abin ma a bakin Umma na fara ji, wata safiya suna sa-in-sa ƙasa-ƙasa. Libarba. Sau ɗaya na leƙa ta kafar ƙofa na gan ta a kan darduma: ƙaramar bindiga ce baƙa, da ƙyar ta wuce tafin hannunsa, da mariƙin katako, a tsakiyarta wani ɗan gangan ƙarfe mai juyawa inda harsasai suke zama. Wani baduku ya ɗinka mata kube, Baba yana ɗaurawa a ƙugu ya saki riga a kai, ba mai cewa akwai wani abu a wurin.

Umma ta ce masa, "Malam, wannan ba kayan gidan yara ba ne." Ya ce, "Ba ki taɓa kwanciya a bakin titi ana kashe mutum kusa da kunnenki ba. Don ku nake ɗauke da ita." Daga nan ba ta ƙara ja ba, sai dai in tana tankaɗe in ji ta tana faɗa wa kanta, "Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu."

Gaskiya ɗaya ce, bindigar nan ita ta fito da Baba daga ɗaki. Da ita ya koma rumfa, da ita ya sake iya ratsa cunkoson kasuwa, tukunyarmu ta ci gaba da hawa murhu. Amma wani Baban ne ta fito mana da shi. Mutumin da ke yawo da 'yar shara a lokacin zafi ya koma babbar riga kullum, ko da gari ya ɗauki zafin da kwalta ke narkewa. A ƙofar gida, inda magidantan lungunmu ke haɗa kwanonin tuwo su ci tare bayan magariba, ya daina zama a tsakiya, sai can gefe, bayansa jingine da bango, idonsa a bakin lungu. A masallaci ma, in ji Sadiku, ƙarshen sahu yake tsayawa don kada kafaɗar wani ta goge shi. In ya shigo gida sai ya wuce ɗaki ya kulle ta a akwati tukuna ya fito, kuma kafin nan ba mai matsawa kusa da shi. In ya fito ɗin ma rabin hankalinsa yana can.

Mu kuwa yara duniyarmu ba ta tsaya ba. Da safe boko, da allunan katako da suka sha gawayi har suka gaji, da malamin lissafi mai dorina a hammata. In an tashi mu biya ta wurin mai gurasa mu sha ƙamshi, mu dawo gida mu watsa ruwa mu wuce Islamiyya. Tsakanin nan akwai kai niƙa inji, da jan guga, da share turken awaki, da korar tantabarun Sadiku daga shanyar gero. Da la'asar sakaliya mu cika lungu da gaɗa da 'yar gala-gala, maza suna langa a gefe suna zuba mana ƙura da gangan. Ina cikin wasan nan amma hankalina ba ya wurin. Duk sanda na ga Hadiza 'yar maƙwabtanmu ta ruga ta ɗafe babanta tun daga bakin lungu, yana ɗaga ta sama da ledar lemo a hannu, wallahi ji nake kamar in shaƙe ta. Kishi nake ji, ba wani abu ba.

Ni kuma ban iya haƙuri ba, har yau ma ban gama koya ba. Sai na ce wa kaina, tunda ya hana ni zuwa ta gaba, to zan zo ta baya, in ga ko zai iya ture uwarsa sau biyu. Soronmu biyu ne, na waje da na ciki, kuma na cikin ko da rana tsaka duhu gare shi, sai ɗan hasken da ke ratsowa ta tsakanin azara. Wata ranar Asabar bayan la'asar muna wasan ɓuya, na laɓe bayan ƙyauren soron ciki. Ba masu nemana nake jira ba. Na ji takunsa, na ji ƙamshin turarensa, ya gifta ni. Na yi tsalle na rungume ƙugunsa ta baya da iya ƙarfina.

Ban san sanda ya watsar da ni ba. Na dai ji bayana ya bugu da bango, na ji ya daka wata irin tsawa da ban taɓa jin ta fito daga bakin mutum ba. Da na ɗaga kai, ga Baba tsaye a kaina, rigarsa a yaye, ga bakin bindigar nan saitin fuskata, ɗan rami baƙi ƙirin. Idonsa a buɗe yake amma ba ni yake gani ba. Na ce, "Baba, ni ce." Sai ya sauke bindigar. Ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ya maimaita, ya sake maimaitawa, sannan ya zauna daɓas a ƙasan soro. Umma ta fito a guje da muciya a hannu. Ta dube shi, ta dube ni, ta dubi abin da ke hannunsa. Ta yar da muciyar. Ta sure ni, ƙatuwa da ni, ta goya ni a baya kamar jaririya ta shige ciki.

Tsoro ya zo daga baya, ya sa ni zazzaɓi. Da zazzaɓin ya sauka sai fushi ya maye gurbinsa. Na daina gaishe shi. In ya fito tsakar gida sai in shige ɗakin Umma, butarsa ma na bar wa Sadiku. Ya aiko mini da tsokar miyarsa na ce a mayar, ba na ci. Umma ta zare mini ido ta ce ubana ne fa, na ce ai shi ya ce uwarsa ce ni, to uwarsa ta yi fushi. A raina kuwa na riga na yanke cewa Babana ya mutu a bakin titin nan tare da Malam Habu, wannan wani ne aka dawo mana da shi.

Ana cikin haka wata safiya sai ga Baffa Lawan, yayan Baba, tsohon ɗan sanda da ya ajiye aiki. Sun daɗe a ɗaki. Da suka fito Baffa ne ke riƙe da wani ƙunshi a tsumma, Baba kuma ya sa kaftani mara nauyi. Ashe bindigar ba ta da takarda, kuma Baba ya ƙi a jefa ta rijiya ko kududdufi inda wani yaron zai tsinta, ya ce hukuma zai kai wa da hannunsa, in ma tsare shi za su yi su tsare. Baffa ya ce zai tsaya masa iya ƙarfinsa amma ba zai yi alkawari ba. Yinin ranar Umma ba ta ɗora tukunya ba sai da na tuna mata. Tana kan darduma da carbi, motsi kaɗan ta dubi ƙofa. Ni ma da nake cewa ba ruwana, sai na tsinci kaina zaune a dokin ƙofa ina leƙen lungu.

Rana ta yi ja suka dawo, Baba duk ya yi yaushi da amsa tambayoyi. Bai shiga ɗaki ba, bai nemi ruwa ba. Ya tako har inda nake, a gaban Umma da Baffa da Sadiku, ya cire hularsa ya tsuguna. Magidanci guda, mai rumfa a Kurmi, tsugune gaban 'yar firamare. Ya ce, "Uwata, na zo neman gafara. Na rabu da ita." Na ƙura masa ido. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "To in ɓarayin sun sake tare ka fa?" Na zaci zai ce ba za su sake ba, irin yadda manya ke rufe bakin yara. Sai ya ce, "Ina jin tsoronsu har yanzu, ba zan ɓoye miki ba. Amma na fi jin tsoron abin da na kusa yi. Ki riƙa yi mini addu'a, addu'ar uwa ba ta faɗuwa ƙasa." Nan kukan da na riƙe tun ranar ƙulun goshi ya ɓalle, na yi mai isata, shi ma yana share fuska da hula.

Bai warke rana ɗaya ba. Ya daɗe yana zabura in an buga ƙofa da ƙarfi. Amma ya koma tafiyarsa, sai dai da rana, cikin ayarin abokan kasuwa, kuma ya komo tsakiyar tabarma a ƙofar gida. Duk ranar da zai kama hanya, bayan ya ɗaure kayansa, sai ya zo ya tsuguna gabana ya buɗe hannu. Ni kuma in gyara ɗankwali, in haɗe rai irin na tsofaffi, in karanto duk abin da aka koya mana a Islamiyya, har da addu'ar cin abinci in na rasa ta gaba. Sadiku yana ƙunshe dariya, Baba kuwa yana cewa amin da gaske.

Yanzu an rushe sorayen nan biyu an yi na bulo da ƙofar ƙarfe, yaran lungun ma sun fi son waya da wasan ɓuya. Hanyoyi ba su yi sauƙi ba, kuma in na ji maza a wurin aikina suna zancen da ma mutum ya samu wata 'yar ƙaramar bindiga ya riƙa soke ta a ƙugu, ba na yi musu dariya, don na san irin tsoron da ke sa mutum wannan tunani. Labarina kawai nake ba su, mai ji ya ji. Baba ya tsufa, Sadiku ne ke rumfa, tafiyarsa mafi nisa yanzu ita ce gaisuwar 'yan uwa a Dawanau. Gwiwoyinsa ba sa yarda ya tsuguna, ni ma ina gidana can wajen gari da 'ya'yana. Amma ko nan da can zai je sai wayata ta yi ƙara, in ji muryar nan da ta fara rawa tana cewa, "Uwata, zan kama hanya." Ko me nake yi sai in ajiye in ɗaga hannu.