Hanyar Gidan Baba Yaƙub a Hat Yai

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina wanke kasko da hantsi maƙwabcinmu ya leƙo shago ya ce Baba Yaƙub ya yanke jiki ya faɗi a bakin masallaci, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa.

Mun daɗe muna soya kaji tare a wani ɗan shago a unguwar Bani Malik ta Jidda, ni Bahaushen Sudan, shi mutumin Tailan. Umra ya zo tun gashinsa na baƙi, ya zauna. Fasfo ya ɓata, iƙama kuwa, takardar izinin zama, bai taɓa riƙe ta ba, aure ma bai yi ba. A Jidda duk Musulmin ƙasarsu Fatani ake ce masa, shi kuma ba ya gajiya da gyarawa: "Ni ɗan Hat Yai ne."

Mutum ne mai tsantseni. Ba ya sayar da kazar da ta kwana. Masu shara yake naɗe wa. Aibinsa ɗaya, in ya fara yanka albasa sai labarin garinsu. Ya ce ƙauye ne da, har aka kawo layin dogo ya rabu a nan, reshe ya nufi Bankok, reshe ya nufi Malesiya. 'Yan kasuwar Sin suka kafa rumfuna, masu gonakin roba suka biyo, Musulmi da mabiya Buddha suna cin kasuwa ɗaya. Garin a kwari yake, tsaunuka a gefe, shi ya sa in damina ta yi ƙarfi ruwa kan shiga har ɗaka. Yakan ce garin da jirgi ya haifa ba ya riƙe 'ya'yansa.

Daga nan sai ya kama hanyar gida da baki. A fito tasha a ba ta baya, a ratsa kasuwar busasshen kifi, a bi bakin rafi har gada, a haye, a wuce haikali mai ƙaton gunki a kwance, sai ƙaramin masallacin katako. Gidansu na bayansa. Nakan tsokane shi in ce, "Halas, shi ke nan, Baba, mun iso, a sauke mu." Sai ya yi murmushi ya ce wanda ya daina faɗin hanyar gidansu ya ɓata.

Da ya rasu aka ƙi ba mu gawar, tunda babu takardar da ta nuna ko shi wane ne. Mutumin da sahun farko ba ya wuce shi ya kwanta a firjin asibiti, mako ya bi mako, ba wanka ba salla. Wannan ya ci mini rai fiye da mutuwar. Ko cikakken sunansa ban sani ba. Abin da na sani kawai hanyar nan da nake masa dariya a kai.

Na nemo wani ɗalibin ƙasarsu da ke karatu a Makka, na karanta masa ita tiryan-tiryan, ya tura wa ɗan'uwansa a can, shi kuma ya hau babur ya bi. Kasuwar na nan, gadar na nan, masallacin ya koma na siminti. Gidan kuwa ruwa ya ci shi tuntuni. Wani tsohon ladan ne ya tuna da iyalin, ya kai shi wurin 'yar ƙanwar Baba. Ita ta aiko da shaidar da aka sakar mana gawar da ita.

Ranar da muka binne shi ta kira, ɗalibin yana fassarawa. Na yi mata gaisuwa, na ce mun sallace shi. Sai ta ce, "Mu ma mun yi masa sallar ga'ib tun ina yarinya. Kakata, mahaifiyarsa, ita ta sa aka yi, da ta gaji da zuwa tasha."

Allah Ya jiƙan Baba Yaƙub, Ya gafarta masa, Ya yalwata kabarinsa. Allah Ya ba danginsa haƙurin rashin da suka yi sau biyu. Shi da mahaifiyarsa, Allah Ya haɗa su a gidan da ruwa ba ya ci. Amin.