Baba Labbo da Daɓen Yadi Ashirin da Biyu

Da an idar da sallar asuba a Gummi, Baba Labbo yakan koro jakinsa ɗauke da jarkokin ruwa zuwa bayan makarantar sakandaren da yake yi wa leburanci. A tsakiyar filin wasa akwai wani zirin ƙasa mai tsawon yadi ashirin da biyu. Nan yake durƙusawa ya shafa ƙasar da tafin hannu, ya tsince tsakuwa, ya yayyafa ruwa. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana haka, kuma a ƙarshen wannan wata na Nuwamban 2017 zai ajiye aiki.

Wannan zirin shi ne ran wasan kurket, domin a kansa ƙwallo mai taurin dutse take fara sauka kafin ta taso wa mai bugu. Idan ƙasar ta yi sumul, ƙwallo za ta taso daidai. Idan ta tsattsage, Allah kaɗai ya san inda za ta nufa, gwiwa ko fuska.

Wani malamin lissafi ɗan Indiya ne ya kawo wasan makarantar. Ya nemi injin danne ƙasa, aka rasa. Labbo, yana saurayi a lokacin, ya tafi wurin yayarsa Habsu, wadda ke jagorantar mata idan za a yi daɓen ɗaki, ya ce ta koya masa. Ta nuna masa yadda ake tankaɗe ƙasar shuri, a jiƙa ta da ruwan makuba, a bi ta da madaɓi har ta yi sheƙi.

"Labbo," in ji ta, "saura ka ɗaura zane, sai mu riƙa tahiya gidan biki tare."

Gari ya ɗauka. Shekaru ana kiransa Labbo na mata. Bai taɓa tanka wa kowa ba. Ɗan Indiya ya koma ƙasarsu, shugabannin makaranta suka zo suka wuce, daɓen yana nan. A kansa ne aka haɗa ƙungiya ɗaya daga samarin Anka da Gummi da Bukkuyum.

Waɗanda suka shaida sun ba da labarin abin da ya yi a shekarar da gubar dalma ta cinye yara a Tungar Daji da Tungar Guru. Wani mai tifa ya kawo kyautar ƙasa mai laushi don gyaran filin. Baba Labbo ya tambayi inda aka ɗebo ta, aka ce kusa da inda ake niƙa dutsen zinariya, wanda daga ƙurarsa gubar take fitowa. Ya tsaya a bayan motar ya hana a zuba, ya ce masu jefa ƙwallo da yawu suke goge ta. Sati uku ya yi yana jigilar ƙasar shuri daga bakin gulbi a kan jaki.

Kai ne, Baba, wanda bai taɓa riƙe sandar bugu a gaban 'yan kallo ba, bai taɓa shiga hoton ƙungiya ba, amma babu maki ɗaya da aka ci a garin nan wanda bai bi ta ƙarƙashin hannunka ba.

Yanzu ƙungiyar ta lalace. Daga mutum talatin da wani abu, sha uku suka rage. Wasu sun faɗa ramukan zinariya, wasu biyu na Gwashi sun daina zuwa saboda tsoron hanya. Ranar Asabar kuma za su karɓi baƙuncin wata ƙungiya daga Kaduna a gajeren wasa mai zagaye ashirin-ashirin, irin wanda baƙin suka ƙware a kai, suna da masu bugu da ke tsallakar da ƙwallo bayan katanga. Hukumar makaranta ta riga ta yanke hukunci: idan ba a yi nasara ba, za a yanka filin a gina shaguna.

Ranar Talata da hantsi kyaftin ɗin ƙungiyar, Nuhu, tela ne daga Bukkuyum, ya sami tsohon a bakin aiki. Ya gaishe shi, ya daɗe yana murza hula.

"Baba, roƙo niz zo yi. Ka bar daɓen ga kwana huɗu, ba ruwa ba madaɓi. In ya tsattsage, mu da su duk ɗaya mu ke. Shi kaɗai na hanyarmu."

Baba Labbo bai ɗago ba. "Hular kwano nawa ag gare ku?"

"Biyu."

"To su baƙin hwa, ba su da haƙora? Ba su da Inna gida mai jiran su komo?"

"Baba, hilin za a yanka!"

"Na jiya. Ni ka ba shi ruwa, ba sai ka hwaɗa mani ba."

Nuhu ya tafi ba sallama. Ba mugun mutum ba ne, kuma lissafinsa daidai ne. A kan ƙasa mai kyau, kurket ba ya tausayin mai rauni. Baba Labbo ya fi kowa sanin haka. Da ya kwanta a ɗaki kwana huɗu ya ce ciwon baya ne, babu wanda zai zarge shi, kuma wataƙila aikin rayuwarsa ya tsira.

Washegari ya aika wa Habsu. Ta zo tana dogara sanda, da mata shida a bayanta, kowace da madaɓinta.

"Ɗaki nawa nid daɓe, duk an zamna cikinsu," in ji ta. "Wanga naka ko kaza ba ta kwana, kuma gobe a rushe shi. Ku duƙa, 'yan mata, mu rufa ma mahaukaci asiri."

Suka jera suna duka. Can da rana ta take, sai ga Nuhu. Ya tsaya a gefe yana kallo, fuska a murtuke. Daga bisani ya tuɓe takalmi, ya karɓi madaɓi daga hannun wata tsohuwa, ya durƙusa kusa da Baba Labbo.

Baba, mu mutanen garin nan mun gode. Ka zaɓi a ci mu a kan ƙasa mai gaskiya, ka ƙi a ceci filinka da jinin ɗan wani. Allah ya saka maka, ya sa ka huta lafiya. Duk wanda aka damƙa wa wani ɗan aiki a garuruwan nan, asibiti ne ko aji ko rijiya, ya riƙe shi haka, ko da ya san gobe za a karɓe.

Mai hali ya zo ranar Asabar. Zai yi wuya mu yi nasara, kuma masu igiyar awo da za su yanka filin sun ce Litinin suna tafe. Amma samari ashirin da biyu za su shiga filin nan, kuma da yardar Allah kowannensu zai koma wa mahaifiyarsa da fuskarsa yadda ya zo da ita.