Sunan Da Kakata Ba Ta Faɗa

Ciwon neman asali ya kama ni ne lokacin da ake ta shirin samun 'yancin kai, ina akawu a wani kantin Turawa a Anacha. Samarin unguwarmu Fegge tsarana wasu ƙwallo suke bi, wasu silima, ni kuwa tsofaffi nake bi da ƙullin goro a aljihu. Wani Ibo abokin aikina ne ya jawo mini. Wata rana ya zauna yana jero kakanninsa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya juyo ya tambaye ni sunan kakana. Sai ga shi ban san shi ba. Kunyar da na ji har yau ban manta ba. Matata tana da ciki a lokacin, sai na ɗau alkawari a gaban mutane cewa in namiji ne, sunan kakana zai ci.

Kakan nan falken shanu ne, ya rasu a hanya mahaifina yana rarrafe. Mahaifina ya bi shi tun ina ƙarami. Ko a makaranta da sunan unguwa aka rubuta ni. Mutum ɗaya ce ta rage da ta san sunan, kuma a gida ɗaya muke kwana: kakata, mai tuyar waina a bakin Kasuwar Ochanja. Amma matan zamaninsu ba sa faɗin sunan miji, yana raye ko yana ƙasa. In zancensa ya taso, "shi" take cewa, ta gyara mayafi. Na lallaɓa, na sayo mata zane, na ce ta raɗa wa liman in ni take jin nauyi. Ta ce ba ta yi fitsara da ƙuruciya ba, ba za ta fara da furfura ba.

Ganin haka na ɗauki hutun shekara na hau mota zuwa Inugu, inda aka ce akwai dattawan da suka yi koren shanu da shi. A wata rumfa kusa da Kasuwar Artisan na sami wani Alhaji dillalin shanu, mai rawanin da sai ya sunkuya yake shiga ƙofa. Gaisuwa kawai ta cinye mana hantsi. Ya tuna kakana sarai: dogo ne, Bakatsine, kuma shi Alhaji ne ya koya masa riƙe sanda. Ya faɗi suna, ya rantse. Ina fita wani tsoho a rumfar gaba ya yafito ni, ya ce kada in saurari wancan, kakana gajere ne, Bagobiri, kuma yaronsa ne. Shi ma ya ba ni suna, bayan ya ga goron.

Daga can na bi jirgin ƙasa zuwa Fatakwal. A mayanka na tarar da wani tsohon mahauci Bazazzagi, ina cewa a gida ana zaton mu Kanawa ne sai fuskarsa ta washe. Ya ce ai bawansa ne ya zo. Ya zaunar da ni a kan turmi ya ba ni suna da tarihi tiryan-tiryan: yadda kakana ya sayar wa makaho saniya mai ƙafa uku, yadda ya gudu daga Kano cikin buhun gyaɗa. Ina ta gyaɗa kai ina haddacewa, yaran mayanka suna ta tuntsira dariya. Sai da na dawo masauki aka tuna mini cewa Bazazzagi da Bakano abokan wasa ne, kuma bai taɓa ganin kakana ba. Ni haifaffen Fegge, yaren Ibo na fi ji da irin wannan wasa.

Na dawo gida da sunaye uku, garuruwa uku, da gudawar da ruwan Fatakwal ya ba ni. Riba kuwa ta biyo ni da ƙafarta. Wani dattijo da na gaisa da shi a mayanka ya tuno ashe shi ƙanen kakana ne ta wajen uwa, ya iso da tabarmarsa da butarsa ya sauka a zaurenmu. Ba ya cin tuwo sai da nama. In na tambaye shi sunan yayan nasa sai ya ce tsufa ya taɓa masa kai, amma bai taɓa manta lokacin da ake sauke tukunya ba. Matata ta ce tun da na tafi neman kaka ɗaya na dawo da baki ɗaya, gara in tsaya haka kafin in cika gidan.

Na gwada jero wa kakata sunayen ukun ina kallon idonta. Tun kafin in rufe baki a na farko ta miƙe, ta ce in kiran maza nake so in tafi kasuwa. Haka ta yi a na biyu da na uku, fuskarta kamar an shafe ta da ƙasa.

Aka haifi namiji. Duk Fegge ta san alkawarina, ba damar ja da baya. Na auna masu ba da labarin, na zaɓi sunan da Alhajin Inugu ya faɗa, don shi ya fi kowa rawani kuma shi kaɗai ya rantse. Da safiyar suna na raɗa wa liman, aka yi fatiha, maroƙi ya shelanta, aka yanka rago. Mutane suna ta yi mini barka, wai na tashi kakana. Har Ibon nan ya zo ya ci nama, na jero masa tarihinmu ina hura hanci.

Da wanzami ya gama aski na shiga cikin gida. Kakata tana zaune a tsakiyar mata, aka miƙa mata jaririn. Ta ɗaga shi, ta dube shi, ta kira sunan da ƙarfi, sau biyu, ko gyara mayafi ba ta yi ba. Ni kuwa nan take na gane ba sunan kakana na zaɓo ba.

Ta juyo ta ce mini, "Maigida, suna mai daɗi ka zaɓo. Na wane ne?"

Ta ƙaunaci yaron ƙwarai. Har ta rasu, daga bakin murhu take ƙwala masa kira, ana ji har titi. Ɗaya sunan kuwa da shi aka binne ta.