Ranar da Mama Saratu ta ƙwanƙwasa randa

Har gobe ba na manta ranar da wata tsohuwa ta kai hannu kan randar da aka ba ni tsaro. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, gara ku ji labarin daga bakina.

A lokacin ni ne mai tsaron ɗakin tukwane a gidan adana kayan tarihi da ke Samaru. Matsayina shi ne na ƙasa: in share ɗaki, in goge gilashi, in tsaya kusa da igiyar da ke raba baƙi da kaya. Sama da ni akwai mai yi wa baƙi bayani, sai shugabanmu, Dakta Haruna.

Shekarar Dakta ya dawo daga kwas a Jamus. Ya tara mu ya ba mu labarin gidajen tarihi na birnin Berlin, na zane-zane da na kayan mutanen da. Ya ce duk wanda Allah Ya kai can ya daure ya shiga ko da guda ɗaya ne. Daga can ya zo mana da doka: ba a taɓa kaya da hannu tsirara, domin gumi yana cin su a hankali. Ma'aikaci ma sai da farar safar hannu. Wanda aka taɓa kaya a gabansa, shi zai amsa.

Ni kuwa mutum ne mai yawan tsoro. Ko na kulle ɗaki sai na dawo na sake jijjiga ƙofa. Iyakar karatuna firamare, in na rasa aikin nan ban san inda zan nufa ba.

Wata Laraba da damina, Malama Rifkatu, malamar makaranta daga Muchia, ta shigo riƙe da hannun mahaifiyarta, Mama Saratu. Idon tsohuwar ya riga ya tafi. Malama ta ce kakarta, wato uwar Mama, maginiyar tukwane ce, an gaya musu babbar randar da ke kusurwa aikinta ce, shi ya sa suka zo.

Mama ta ce, "Ɗana, kai ni wurinta."

Na ce, "Mama, iyakar baƙo igiya."

"To me zan gani daga igiya? Kai ma rufe idonka ka gaya mini."

In na hana ta, ta zo a banza, ga tsufa, wataƙila ba za ta sake zuwa ba. In na bari, aikina ne. Na ba su kujera, na tafi ofishin Dakta ina ta maimaita abin da zan faɗa.

Na ce, "Yallaɓai, ba wai ina neman a karya doka ba ne."

Ya ce, "Malam Idi, faɗi abin da ya kawo ka kafin ka suma mini a ofis."

Da ya ji, ya ɗauko safa ya biyo ni. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya sa mata safar da kansa, ni kuma na ɗage igiya. Ta shafa randar sau ɗaya, ta tsaya.

Ta ce, "Wannan kamar a ce in sha kunu da bakin wani."

Sai Dakta ya sa aka kawo ruwa da sabulu, ta wanke hannu, ya cire dokarsa da bakinsa. Ni dai na durƙusa na rungume gindin randar da safata, ina addu'a.

Ta bi bakin randar da yatsu, ta sauko wuya, ta zagaya ciki. Sai kawai ta lanƙwasa yatsa ta ƙwanƙwasa, yadda mata ke gwada tukunya a kasuwa su ji ko ta tsage. Na ji ƙarar har cikin haƙorana. Na riga na hango randa a fashe, na hango kaina a gida ina yi wa iyali bayani.

Ta kara kunne, ta sake ƙwanƙwasawa. Ta ce, "Lafiyarta ƙalau. Haka na Inna suke amsawa." Ta juyo inda nake: "Sake ta, ɗana, numfashinka ma ya fi hannuna girgiza ta."

Ba ta yi kuka ba. Ta daɗe da tafin hannunta a kan randar, sannan ta ce a kai ta gida kafin ruwa ya sauko.

Bayan sun tafi na tambayi Dakta ko za a rubuta mini laifi. Ya ce a'a. Ya ce a Berlin ya ga kayan ƙasarmu cikin gilashi, an kula da su iyakar kulawa, amma ba mai shigowa ya ce wannan na uwata ne. Ya ce, "Su suna da gilashi, mu muna da dangin kayan."

Dokar safa tana nan, ni ma ban daina jijjiga ƙofa ba. Amma tun ranar na gane kayan da muke tsaro suna da masu su a Muchia da Hanwa da Dogarawa. In tsoho ya tsaya a igiya ya ƙi wucewa, kada ku kore shi. Ku ba shi kujera, ku tambaye shi wa ya sani a ɗakin.