Taɓaryar Saude

Bunu mai gyaran keke ne a Gwiwa, rumfarsa na gindin wata bishiyar bedi a hanyar kasuwa. Kakanninsa Barebari ne da suka zo daga gabas, amma shi Barbarcin da ya rage masa bai wuce gaisuwa ba. Gyaran keke dai ya iya shi. Abin da ya fi so a duniya kuwa waƙa ce, kuma a nan ne ba a cika masa mudu ba.

Shekarar da Turawa suka tattara nasu ya nasu ya fara shirya waƙa. Shi ba maroƙi ba, ba makaɗi ba. Yana liƙin taya yana shirya baitoci a ka, in ya tashi ya kai su gida. A gida kuwa akwai Saude.

Saude matarsa ko bihim ba ta sani ba, amma tana da taɓarya. Sai ta zuba gero a turmi ta kama daka, shi kuma ya zauna a bakin ɗaki yana rerawa. In baiti ya tafi daidai, taɓarya ta bi shi. In ya yi tuntuɓe, sai ta tsaya cak, ta riƙe ƙugu.

"Malam, wannan ɗingishi yake yi. Ka ɗora masa kayan da suka fi ƙarfinsa."

"Ke me kika sani a waƙa?"

"Na san kana ta jera alheri, alheri, kamar mai roƙon gishiri. Wane alherin? Faɗi guda mu gani. Amma wancan na sabuwar rijiya, kada ka taɓa shi, ya zauna."

Sai ya yi fushi, ya ƙi cin tuwo. Gari na wayewa ya gyara. Haka suka yi ta yi har furfura ta fito musu, har 'yarsu tilo, Asma'u, ta yi aure a Babura.

A shekarar babban fari Saude ta kwanta, ba ta tashi ba. Lokacin ne kuma kuɗin mai ya fara ratso ƙauyuka. Masu hali suka jingine keke suka hau babur, aka kawo injin niƙa, ƙarar daka ta ragu a unguwa. Bunu ya kife turmin a gindin rumbu. Rumfa babu aiki sosai, gida babu mai magana.

Sai ya shirya wa Saude waƙa, doguwa, wadda yake so ta fi duk abin da ya taɓa yi. Abu ɗaya yake nema: wanda zai gaya masa inda ta karkace, don kada ya bar wa matar nan gurguwar waƙa.

Ya kai ta majalisa bayan la'asar. Aka ce, "Madalla, Baba. Allah ya ƙara basira." To, wa zai dubi mai furfura, wanda bai daɗe da binne matarsa ba, ya ce masa waƙarka ta karkace? Bunu ya gwada su. Ya ɓata baiti da gangan, ɓacin da ko jaki zai ji. Aka ce, "Madalla."

Ya hau keke har Kazaure wurin Sama'ilu, ɗan ƙanwarsa, ma'aikacin hukumar En'e. Sama'ilu ya durƙusa, ido a ƙasa, ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Kawu, ai babu abin gyara." Ya je Babura. Tun baitin farko Asma'u ta fashe da kuka. Kuka kuwa ba gyara ba ne. Ya dawo gida, kowa ya girmama shi, babu wanda ya ji shi.

Ran kasuwar Gwiwa ya hango Adda Ma'u, tsohuwar Bafulatana mai fura da nono, wadda ta daɗe tana shiga gidansa talla tun Saude na raye. Tsakanin Fulani da Barebari akwai wasa tun kaka da kakanni. Abin da ɗan cikinka ba zai iya furta maka ba, abokin wasa zai zuba maka shi a tsakiyar kasuwa, kuma ba ka da bakin ƙara.

"A'a, ga bawana," in ji ta. "Yau wa ka zo cuta, Babarbare?"

"Ke dai rage wa nonon nan ruwa. Waƙa na zo ki ji."

"Tabɗi! Rera, in ya so shanuna su huta da kuka."

Ya tsuguna ya rera. Tana dama fura, ludayi na zagaya ƙwarya, ba ta ko dube shi ba. Da ya gama ta ce, "Wace ce wannan?"

"Saude mana."

"Ƙarya kake. Mai haƙuri, mai sanyin murya, wadda ba ta ɗaga ido? Saude da ta bi ni har gindin dutse da ƙwarya a hannu don nonona ya yi tsami? Wannan matar kowa ce, a wa'azi ka tsinto ta." Ta buga ludayi a bakin ƙwarya. "Wuri ɗaya na gan ta, inda ka ce turmi ya kife kaji na kiwo a gindinsa. Fara daga nan. Ka mayar mata da bakinta. Baitin ƙarshe kuma ya yi tsawo, ni mai saurare ma numfashina ya ƙare."

Bunu ya miƙe ko sallama babu. Ya ƙi cin tuwon da maƙwabta suka aiko. Sai da ya ture kwanon ya tuna rabonsa da irin wannan fushin tun Saude na da rai. Ya zauna yana kallon kwanon, yana murmushi shi kaɗai.

Ya rushe waƙar ya sake gini. Ya sa turmi a farko, ya sa ƙwaryar nono, ya sa inda yake cewa:

Saude mai bakin da ya fi barkono,
Wa zai tsai da ni yau in na karkace?

Kasuwa na zagayowa ya yi sammako. Wurin Adda Ma'u babu kowa, sai shatin gammo a ƙasa. Masu nonon da ke gefe suka ce rugarsu ta tashi, shanu na faɗuwa don yunwa, sun yi kudu. Yaushe za su dawo? Suka ce sai Allah.

Ya koma gida da rana tsaka. Ya tayar da turmin, ya kakkaɓe ƙasa, ya zuba gero, ya ɗauki taɓaryar Saude. Namiji da gemu fari fat yana daka yana rerawa! Matan maƙwabta suka leƙo ta saman zana, suka ce wayyo, Bunu ya zautu. Su ma dai babu wadda ta faɗa masa a ido.

Taɓarya ta bi waƙar tiryan-tiryan har baitin ƙarshe. Nan ta sarƙe. Ya tsaya cak, ya jira, kamar akwai mai magana. Kaji kawai ke tsince geron da ya zube.

Ya riƙe ƙugu, ya ce, "Malam, wannan ɗingishi yake yi."

Sannan ya ɗaga taɓaryar ya koma farkon baitin.